Gida a Kan Ramin Kuza

Babu mugun hali kamar a faɗa maka gaskiya ka ce ƙiyayya ce. A ɗakin jiran wani asibiti a unguwar Rikkos ta Jos na ji wannan, ana hirar ritayar Oga Natana'el, mai zanen gine-ginen gwamnati, wanda kuma yake ba da izinin gini.

"Gara da ya tafi!" in ji wani Alhaji. "Shekara talatin yana hana mutane gini."

Wata dattijuwa ta juyo. "Ka ji tsoron Allah, Alhaji! Asibitin nan shi ya zana shi. Ka ga tsaga ko ɗaya?"

"Mama, filina ne fa a Naraguta! Hannu kawai zai sa a takardar izinin gini, sai ya zo da ƙafarsa, ya caka rodi a ƙasa, wai tsohon ramin kuza ne aka cike da shara."

"Ƙarya ya yi?"

"Ina ruwansa? Har rago na aika, ya mayar mini a gaban jama'a!"

"Sai ka fasa ginin?"

"In fasa? Wani ya sa mini hannu."

"To, gidan yana nan?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Damina biyu ya yi. Ɗaki huɗu suka nutse, da shago, da katanga. Yanzu haya muke a Gangare, mu tara a ɗaki biyu."