Surukina ne ke kula da na'urar

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Tun farkon dawowar mulkin farar hula nake sauraron shirin nan, amma sai yau na rubuto.

Ni dattijuwa ce a unguwar Kwaciri. Na daɗe ina fama da shanyewar ɓarin jiki, ko banɗaki sai an riƙe ni. 'Yata ta fari ta samo min layi a wani asibiti a Sabon Gari, inda aka kawo na'urar mutum-mutumi mai koya wa irinmu tafiya. Ana sa wa mutum wando, a ɗaure masa ƙugu da cinyoyi, ita kuma ta riƙa ɗaga masa ƙafa.

Wata nas ta gama ɗaure ni, sai mai sarrafa na'urar ya shigo. Malam, mijin 'yar tawa ne. Na san aikin asibiti yake, amma ta ɓoye min cewa shi ne a wurin. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, ga ni rataye ba zane. Ya durƙusa ya ce, "Inna, a daure." Na ja mayafi na rufe fuska, na ce jiri nake ji a sauke ni.

Ban koma ba, kuma an ce shi kaɗai ya iya sarrafa na'urar. Amma kafin a sauke ni na ji tafin ƙafata ya taka ƙasa, har yau ina jin wurin.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Da wane ido zan koma?