Jagora a Kan Tudun Alli

Bryony: Halo? Baba? Ina wuni?

Desmond: Lafiya lau, 'yar Baba. Ya Bristol? Ya aiki?

Bryony: Da godiya, yanzu na taso. Ya Mama da ƙafar tata?

Desmond: Da sauƙi. Ta shiga kasuwa sayo wa baƙi cuku da burodi. Ya maigidan? Ya jikokina?

Bryony: Duk lafiya. Wace irin iska ce nake ji haka? Kana kan tudu ne?

Desmond: Ina kuwa zan kasance? 'Yan hutun da suka sauka gidanmu na fito da su yawon ƙafa. Akwai wata tsohuwa 'yar Holan, tafiya take kamar barewa.

Bryony: Ta fi ka sauri ke nan, ka dai ƙi yarda ka tsufa. Amma kai da kake hana kowa taɓa waya a hanya, yau kai ne da kira?

Desmond: Haka kawai. Bryony, idan mutum yana tsaye saman farin dokin nan...

Bryony: Saman me? Layin yana yankewa.

Desmond: Doki! Ƙaton zanen dokin allin nan da ke jikin tudu. Ta ina ake sauka zuwa garin Marlborough?

Bryony: Kai, Baba, jarrabawar da kake mini ina ƙarama? Ai na girma.

Desmond: Ba jarrabawa ba ce.

Bryony: Ban gane ba.

Desmond: Sunkuyawa na yi in ɗaure igiyar takalmi. Da na ɗago, sai na ga kamar ban taɓa zuwa wurin ba. Ga hanyoyi farare sun rabu a gabana, babu wadda na sani. Tun ina saurayi nake bi da mutane ta nan.

Bryony: Wayyo Allah. Ina baƙin?

Desmond: Na zaunar da su suna shan shayi, suna ɗaukar tumaki hoto. Ce musu na yi zan kira gida in ji zancen abincin dare.

Bryony: Taswira fa?

Desmond: Yaushe rabona da ita? A kaina take. A kaina take, a da.

Bryony: Baba, faɗa mini gaskiya, ya taɓa faruwa?

Desmond: Ya taɓa. Da bazara, a bakin kogi. Na ga likita a Swindon, ya sa ni zana agogo a takarda kamar ɗan makaranta, don ya gwada ƙwaƙwalwata. Na kasa.

Bryony: Kuma ka yi shiru? Mama ta sani?

Desmond: Me zan ce mata? Tana ta karɓar baƙi har na baɗi, tana faɗa musu mijinta ko da ido rufe zai kai su.

Bryony: To, saurara. Ka ba dokin baya. Kana ganin gungun itatuwan nan?

Desmond: Ina gani.

Bryony: Ka bi shingen da ke damarka har ƙofar katako. Kana wuce ta za ka hango hasumiyar coci.

Desmond: Shinge... hagu.

Bryony: Dama, Baba. Dama.

Desmond: Kada ki yi kuka mana.

Bryony: Ba kuka nake ba. Miƙa wa 'yar Holan ɗin wayar in yi mata kwatance.

Desmond: A'a.

Bryony: Don Allah, kafin ruwa ya sauko muku.

Desmond: Ki bar ni in mai da su gida da kaina yau, ni a gaba su a baya. Gobe ki zo mu faɗa wa mamarki tare, ni kaɗai ba zan iya ba.

Bryony: Yanzu ma zan hau mota. Amma kada ka kashe, sa ni a aljihu ina jin ka.

Desmond: Cajin ya kusa ƙarewa. Ga su can sun miƙe, suna kallona. Bryony, kika ce dama ko...

Bryony: Dama! Baba? Halo? Baba!