Alamar Raƙumi a Ƙofar Motata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ne Ilu direba, nake rubuto maka daga Belbeji.

Bana na sayar da shanuna don in sayi motar ɗaukar 'yan kasuwa. Yayana ya ce in haƙura sai na iya sayen sabuwa, amma kowa ya san yadda kuɗin mota ya hau. Sai wani dillali a Tanut ya kawo mini ta hannu, mai araha, da takardunta. Na saya.

Ranar kasuwar Tarka ina sauke buhunan hatsi, sai wani dattijo Buzu ya tsaya yana kallon motar. Ya buɗe ƙofar direba, ya nuna mini wani ɗan zane da aka karta a ciki. Ya ce, "Wannan alamar gidanmu ce, ita muke ɗora wa raƙumanmu. Ɗana ya yi arewa da motar nan bara, har yau bai dawo ba."

Malam, nan take na ɗauko waya. Na kira dillalin, wayarsa a kashe. Tun ranar ban sake zama a kujerar direban motar ba.

Jama'a ku ba ni shawara. In je wajen jandarma, ina tsoron su riƙe ni. In yi shiru, dattijon na zuwa ƙofar gidana kullum. Bai taɓa cewa in ba shi motar ba. Cewa yake, "Ina ɗana?"