Robar Malam Ɗayyabu da Furar Dubiya

Mai girma shugaban taro, iyayenmu dagatai da limamai, malaman wannan makarantar jinya, iyayen ɗalibai da suka taso daga Indabo da Lajawa da Sabon Gari, da ku 'ya'yana masu fararen kaya da muke yayewa yau, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina gode wa iyayen da suka ba mu amanar 'ya'yansu, ina gode wa matan da suke kan murhu tun hantsi, waɗanda ƙamshin girkinsu yake yi mini gargaɗi kada in ja magana.

'Ya'yana, guzurina gare ku a kan roba ne, robar abincin da ake sa wa mai ciwon dajin baki ko maƙogwaro a ciki idan haɗiya ta gagare shi. A asibiti ake sa ta, amma a gida ake zama da ita, a gida kuma take ba da wahala.

Malam Ɗayyabu, manomi daga Lajawa, ya yarda in ba ku labarinsa. Shi ma irin wannan ciwon ne ya same shi, aka sa masa roba. Likitoci sun gaya masa muddin ya ci gaba da ramewa za su dakatar da gashin da suke yi wa ciwon da na'ura, domin jiki ba zai ɗauka ba. 'Yar'uwarku Mas'uda muka tura ta riƙa duba shi.

Abu na farko, toshewa. Kun san mu da dubiya, ba ma zuwa hannu rabbana. Yayarsa, Iya Indo, ta dama fura mai kauri da gudajinta, ta ce ƙanenta ba zai rayu da tsululu ba. Aka ɗura, roba ta toshe. Mas'uda ta tarar da ita riƙe da tsinken tsintsiya za ta zura, tsinken da zai iya huda robar. Yarinyar nan ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yaba furar, ta ce, "Iya, furarki zai sha, amma ara mini rariya." Da ruwan ɗumi a sirinji ta lallaɓa robar har ta buɗe. Ku riƙe wannan: a tace, a sa ruwa kafin abinci, a sa ruwa bayansa.

Na biyu, ƙwarewa. Mu idan mara lafiya ya ci, sai mu ce ya kwanta ya huta. Mai roba idan ya miƙe, abincin yana iya dawowa ya faɗa huhu, sai tari da zazzaɓi. A jingina shi a zaune har abin ya faɗa masa. Ku kuma riƙa duba bakin ramin da aka huda a cikinsa aka sa robar. In ya yi ja, ko yana ruwa, ko yana wari, ba aikin toka ko man shanu ba ne. In robar ta fita, kada a tura ta, a tafi asibiti nan take, domin ramin ba ya jira, nan da nan yake haɗewa.

Duk an kiyaye waɗannan, amma Malam bai daina ramewa ba. Tun suna yara akushi ɗaya suke ci da 'yan'uwansa a zaure. Da aka sa masa roba sai ya shige ɗaki, kunya ta hana shi fitowa, har ya fara ƙin a ɗura masa komai. Mas'uda ta gaya wa ƙanensa Ya'u abin da ta gani. Ya'u ya ɗauki akushin ya ajiye a bakin ƙofar ɗakin, ya ce, "Yaya, tun da ka ɓuya tuwo ya daina shiga. Ka fito da robarka. Mu da muke da baki ma ai ba kyan gani gare mu wajen ci ba."

Malam ya yi dariya, ya fito. Tun ranar suna yankar loma, shi yana tura sirinji, ana gardamar taki da damina. Jiki ya dawo, aka kammala gashi.

Ga shi can zaune cikinku, kuma likita ya ce haɗiya ta fara dawowa, har ya sha kunu da cokali. Ya ba ni saƙo in faɗa a bainar jama'a: Ya'u ya ci da kyau yanzu, domin ranar da aka cire roba, hannun yayansa zai dawo akushi.

Allah ya cika wa Malam lafiyarsa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ya sa albarka a hannuwanku, 'ya'yana, ya sanyaya harsunanku a gidajen mutane. Allah ya mai da kowa gida lafiya, amma bayan an ci abinci.

Na gode.