Kabarin Da Na Shekara Bakwai Ina Sharewa

Shugaban taro, Fasto mai masaukinmu, limaminmu da ya rako ni, dattawa, iyayenmu mata da sauran jama'a, ina yi muku sallama. Na gode da kuka ba Musulmi wurin tsayawa a majami'arku, alhali ni ba malami ba ne, magini ne, kuma ni na gina katangar da ta raba maƙabartarku da tamu.

Magana ta farko: ƙiyayya na san ta, na kwana da ita, na tashi da ita. A rikicin da ba ma son tunawa aka kashe yayana. Aka ce mini makanikin layinku ne ya ja gaba. Kashegari shi ma aka kashe shi, aka binne su, katangata a tsakani.

Bayan shekara uku, ruwa ya kayar da katangar, ya rufta da kabari biyu, ɗaya naku, ɗaya namu, wato na makanikin da na yayana. Ƙasusuwan mutum ɗaya kawai aka samu. Na ga haƙorin gaba a karye kamar na yayana, na rantse shi ne. Dattawanku suka ce, "To, ɗauki ɗan'uwanka." Na ɗauka, muka yi masa sabon kabari a maƙabartarmu.

Magana ta biyu ita ce mai nauyi. Shekara bakwai ina zuwa sabon kabarin, ina sharewa, ina addu'a, sannan in durƙusa in ce, "Yaya, Allah ya isa tsakaninmu da makanikin nan." Duk ranar da na faɗi haka, in na dawo sai in tarar ƙasar wajen kai ta lotsa, kamar mai barci ya juya fuska. In ciko, ta sake lotsawa. Ni magini ne, na san halin ƙasa, wannan kuwa ban san shi ba.

Bana aka ce in sabunta harsashin katangar. Magini ba ya ɗora bulo sai ya tona ya kai ƙasa mai tauri. A can ƙasa cebur ɗina ya bugi ƙarfe. Na sa hannu, na ɗago ƙashin ƙafa da ƙarfen asibiti a jikinsa, wanda aka sa wa yayana lokacin da ya faɗo daga gini. Ashe shekara bakwai maƙiyina nake yi wa addu'a, kuma shekara bakwai a kunnensa nake zaginsa.

Na nemi ƙiyayyar a zuciyata, wallahi na rasa inda zan ɗora ta. Yaya zan tsani wanda hannuna ya saba da ƙasarsa?

Mahaifiyar makanikin tana nan zaune a cikinku, ba ta san inda ɗanta yake ba sai yanzu. Mama, ni na ɗauke miki shi, ki yafe mini. In kin ce a maido shi, da hannuna zan tono shi. In kin bar shi, gobe da safe zan zo in kai ki, ki ga yadda na riƙe shi.

Allah ya sanyaya zukatanmu, ya jiƙan naku da namu, ya sa kowa ya koma gida lafiya. Mama, ina bakin ƙofa ina jiran amsarki.

Na gode.