Tocilar da Ɗana Ya Aika wa Surukarsa

Kai da ke Dapaong wajen mahauta, ka san kanka, matso kusa da rediyo. Malam mai karanta wasiƙu, ina gaisuwa. Ni ce wata uwa daga Komah, Sokodé. Da ɗana nake, amma ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne.

Tun da zanga-zangar nan ta tashi, sojoji suka cika gari, da magariba kowa ya kulle gida, kuran kuma, wato wutar lantarki, sai a ɗauke. Yaron nan ya sayi tocila sabuwa mai caji, fara fat, in an kunna har allura za ka tsinta. Ya ba direba ya kawo Sokodé. Wa aka kai wa? Uwar matarsa, Hajiya Azumi ta Didaouré! Ni da na goya shi ina nan da aci-balbal, hayaƙi na cin idona.

Abin haushin, gidanta babu kuran sam. Nan gidana take aiko ta in sa mata caji. Har cewa ta yi, "Yaya, ɗanki akwai hankali, kin iya haihuwa." Na ce, "Alhamdu lillahi." Me zan ce?

Malam, kunya ta hana ni roƙonsa. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in riƙe ta ne, ko in mayar? Tun shekaranjiya tana ƙarƙashin matashina, na ce cajin bai cika ba tukuna.

Tsaya, ana buga ƙofa. Wayyo, muryarta ce, da kanta ta zo, bari in