Giyar Shekarar Gobara

A kasuwar Asabar ta birnin Hobart, gaban rumfar masu giya, wata mata ta kurɓi baƙar giya mai kauri, wani tsoho yana kallon ta.

"Kai! Wannan giya ce ko kwalta? Kurɓa ɗaya, har kunnuwana sun ɗau zafi."

"A hankali, 'yata. Ba irin ta bakin teku ba ce da ake kwankwaɗa. Bari kofin ya ji ɗumin hannunki tukuna."

"Tsaya, Baba. Bayan ɗacin akwai wani abu, kamar gahawa, kamar hayaƙi."

"Hayaƙin ya fito?"

"Shi ne ma daɗinta. Ka sayi taka mana, ka tsare ni da ido!"

"Likita ya hana ni."

"To me ya kawo ka?"

"Sha'irin gonata ne a ciki. Shekarar gobarar daji hayaƙi ya kama shi, kowa ya ƙi saya. Har na sa gonar a kasuwa, sai masu rumfar nan suka kwashe shi kaf."

"Allah sarki. Gonar fa?"

"Tana nan, jikata ke noma ta. Ƙara kurɓa, 'yata, ki sake faɗa mini zancen hayaƙin nan."